Ƙusa ta Bakwai a Garejin Mai Buta

Ƙarfe bakwai saura kwata Mai Buta yake isa gareji. Kwaɗon ƙofar ya daɗe da tsufa, sai ya ɗaga ƙyauren da gwiwa kafin mabuɗi ya juya, kuma duk wanda ya ce masa ya sayi sabo, amsarsa ɗaya ce: wannan ɗin ya riga ya san hannunsa. Idan ya shiga ba ya taɓa guduma, ba ya kunna injin walda. Wata shuɗiyar butar roba da aka ɗaure mariƙinta da waya yake fara ɗauka, ya je famfo ya cika ta, ya dawo ya ajiye a kan benci. Bayan nan sai ya ɗauki maganaɗisun wata tsohuwar sifika ya bi ƙasa yana tsince burbushin ƙarfen jiya, don kada ya shiga ƙafar wani. Sai an gama wannan duka ake maganar shayi.

Sana'arsa gyaran jikin mota ce, wato fanalbita. Buge inda ya lotsa, yanke tsatsa, walda, gurzawa, shafewa, har a miƙa wa mai fenti. Shekara arba'in da huɗu ke nan yana yi, talatin da ɗaya daga ciki a wannan rumfar kwanon da ke tsakanin shagon mai wayarin ɗin mota da na mai ɗinkin kujera. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a yanka komai ba, kuma da an tambaye shi da ko waɗannan layukan ba a rubuta ba. To amma an rubuta, sai dai ya yi haƙuri.

Sunan ya samo asali ne daga yadda yake sallamar mota. Kowace mota aka kawo masa, ko da madubi kawai aka fasa mata, ba ta fita daga garejinsa sai ya tsiyaya ruwan buta a gindin gilashin gaba. Ga wanda bai taɓa lura ba, a tsakanin gilas da bonet akwai wasu 'yan tsage-tsage da iska ke shiga ta cikinsu zuwa ɗakin direba. Inda iska ta shiga kuwa ruwan sama ma yana shiga. Don haka a ƙarƙashin tsagen akwai wani ɗan akwatin ƙarfe mai tare ruwan, da ƙananan ƙofofi a gefensa biyu da ruwan ke bi ya zuba ƙasa ta bayan taya. Idan ƙofofin nan suka toshe, ruwa ya samu wurin kwana. Ya ci ƙarfe a hankali ba wanda ya sani, wata rana sai direba ya ji sanyi a ƙafa.

Shi ya sa Mai Buta yake zuba ruwan, sannan ya durƙusa ya leƙa bayan tayar gaba yana jiran ya ga ya fito. Idan ya fito da sauri, ya ce a sauka lafiya. Idan ya yi jinkiri, mai mota ma zai yi jinkiri, ko jirgi zai hau.

Wata malamar asibiti ta ba da labarin ranar da ta kawo masa ƙaramar motarta a buge mata ƙofa, tana sauri. Ya gama ƙofa, ya zuba ruwa, ruwa ya ƙi fitowa. Ta ce masa ita ba wannan ya kawo ta ba. Ya ce, "Na sani, 'yata. Zauna minti goma." Ya zura waya ya zaro mata ganye ruɓaɓɓe cikin tafin hannu biyu, da murfin biro, da wani abu da ya ce gara kada ta san mene ne. Ashe warin da ta yi wata shida tana zargin 'ya'yanta a kai daga nan yake.

Direban motar makaranta kuma ya ce sau uku ana canza masa akwatin fis a shekara guda, duk ana cewa kayan yanzu ne ba su da kyau. Mai Buta ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari da tocila a baki, ya sa aka zuba ruwa a waje, ya nuna masa ɗigon yana sauka daidai kan fis ɗin. Daga ranar wutar motar ba ta sake ɗaukewa ba.

Amma inda aka fi saninsa shi ne wajen tsofaffin a-kori-kura, irin masu ƙatuwar bonet ɗin nan da 'ya'ya da jikoki ke gada su ce sai sun dawo da su sababbi. Masu irin wannan sha'awa suna son idan an buɗe bonet a ga bangon da ya raba inji da ɗakin direba sumul, ba huda, ba tudu, ba ƙusa. Bangon nan kuwa daga kamfani da hudoji yake zuwa birjik, wasu na waya, wasu na kebul, wasu kuma an daɗe da manta amfaninsu. Aikin daidaita shi aikin haƙuri ne. Za ka yanko faci daidai bakin kowace huda, ka ɗiga walda nan, ka tsallaka can ka ɗiga, ka bari ya huce, don idan ka ja ta a jere zafi zai murɗe ƙarfen ya yi ciki. Sannan giranda, sannan shafi ɗan siriri, sannan samfefa. Mai Buta ba ya yarda da ido a nan. Rufe ido yake yi ya bi da tafin hannu, abin da tafinsa bai ji ba, fenti ba zai nuna ba.

Mai Buta, kai ne kake fara tambayar kowace huda aikinta kafin ka rufe ta. Kai ne wani matashi mai hali ya ce maka a toshe duka, ba ya son ganin ko ɗaya, ka ce masa ya ɗauki motarsa ya kai wani wuri, kai ba ka toshe hanyar ruwa. Ya tafi yana cika yana batsewa, ya dawo bayan mako biyu a hankalce.

Abin da yawancin masu zuwa garejin ba su sani ba shi ne dalilin wannan taurin kai. A bangon can ciki, sama da inda ake jingine silindar gas, akwai ƙusoshi bakwai a jere. A shida daga ciki an rataye gutsuren ƙarfe da tsatsa ta cinye. Ta bakwai kuwa tun da aka kafa ta ba a rataya mata komai ba. Mutum biyu ne kaɗai suka san labarin ƙusoshin, matarsa da maƙwabcinsa Mai Waya, wanda suka yi shekara talatin suna shan shayi tare suna musu.

A shekarar da ya buɗe garejin, yana ɗan shekara talatin da biyu, hannunsa na tashe kansa kuma na hayaƙi, ya daidaita bangon inji na a-kori-kura bakwai a rani ɗaya. A irin waɗannan motoci, bututun ruwan akwatin iska, wato wanda ke gindin gilas, ta jikin bangon yake fitowa, ta hudoji biyu can ƙasa a kusurwa. Shi kuwa ya same su bututun ya daɗe da ruɓewa ya faɗi, sai hudojin kawai. Ya ɗauka irin waɗanda ba su da amfani ne. Ya yanko faci ya rufe su tsaf, ya shafe, har ya buga ɗigo uku da ƙarfe mai tsini a kusurwar hagu, alamarsa, don a san aikin wane ne. Lokacin rani ne, ba ruwa, kowa ya yaba ya tafi.

Sai bayan damina biyu ta farko ta dawo, mai ita yana cewa ƙafarsa na jiƙewa. Da ya yanke ƙarƙashin gilashin ya ga abin da ya yi, matarsa ta ce kwana uku abinci bai shiga bakinsa da daɗi ba. Ba wanda ya kama shi. Mai motar ma cewa yake yi tsufan mota ne. Shi da kansa ya kafa ƙusoshi bakwai, ya rataye ruɓaɓɓen ƙarfen a ta farko, ya shiga neman sauran. Uku ya same su a cikin shekara. Ta biyar sai da ya bi ta hannun mutum uku da suka saye ta a jere. Ta shida a wajen masu yanka mota ya same ta, ta riga ta mutu, duk da haka ya roƙa aka bar shi ya yanko wurin ya kawo gida. Ta bakwai koriya ce, ta wani mai kiwon zuma da ya biyo ta garin da akwatunan zumarsa yana bin furanni, ya yi kwana tara ya wuce. Ba adireshi, ba lambar waya a wancan zamani. Shekaru suka yi ta tafiya, ƙusa tana nan tsirara.

Bara idonsa na dama ya fara hazo, bana na hagu ya biyo baya. Likita ya sa ranar aiki, ya kuma gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa daga ranar shi da walda sun rabu. Ya karɓi maganar ba gardama. Ya fara rabar da kayan aiki ga waɗanda ya koyar, waɗanda yanzu kowa ke da nasa garejin. Wata safiya Mai Waya ya same shi tsaye yana kallon bangon can ciki, ya ce, "Mutumina, zare ƙusar nan ka huta. Motar nan ta daɗe da zama tukwane."

Ya ce, "Wataƙila. A bar ta dai."

Saura kwana goma sha ɗaya a yi aikin idon, wata mota mai jan mota ta tsaya a bakin garejin da hantsi, ɗauke da tsohuwar a-kori-kura. Launinta yanzu ruwan ƙasa ne, an sha shafa mata fenti. Wata mata mai kimanin shekara arba'in ta sauko, ta taimaka wa wani dattijo mai sanda ya sauko shi ma. Ta ce mahaifinta ne, ya bar kiwon zuma ya dawo wurinta da zama, kuma ya ƙi rabuwa da motar. Ƙasan wajen direba ya ruɓe har ana hango titi. Gareji biyu sun ce a sayar wa masu yanka, na uku ya ce a kawo nan.

Mai Buta ya ce, "Gaskiya na kusa rufewa, 'yata. Amma bari in duba."

Ya buɗe ƙofar direba. Abin da ya fara gani shi ne wani gwangwanin madara da aka rataye da waya a ƙarƙashin dashbod, daidai saman fedar kuloci. Dattijon ya ga inda yake kallo, ya ce, "Abokin tafiyata ke nan. Wannan shi ne na tara ko na goma. Idan ana ruwa, duk rabin awa sai na tsaya na zubar. Robar gilas ce, na canza ta ya fi sau goma, ba a yin ta ƙwarai yanzu."

Mai Buta ya zagaya ya ɗaga bonet. Idonsa bai nuna masa abin kirki ba, sai ya zura hannu can ƙasa a kusurwar hagu, ya kankare maiƙo da ƙura da farce. Ɗigo uku suna nan a ƙarƙashin yatsansa. Ya kankare fentin gefe da bakin sukudireba, ruwan ƙasa ya tashi, shuɗi ya tashi, kore ya bayyana.

Dattijon ya matso da sandarsa yana murmushi. "Ka ga bangon nan? Duk motar ta tsufa ban da shi. Wani yaro ne ya yi mini, ina jin a garin nan ne ma, ko na gaba, na manta. Shekara talatin ke nan ko tsagewa bai yi ba. Duk inda na je sai na buɗe wa mutane su gani. Irin wannan hannu an daina yin sa."

Mai Buta ya ce a sauke motar, su dawo gobe a yi magana.

Da suka tafi ya zauna a benci kusa da butarsa. Mai Waya ya shigo, ya dubi motar, ya dubi fuskarsa, ya gane. Ya ja kujera ya ce, "To Allah ya kawo ta. Gyara masa ka yi shiru. Tsoho ne, yana alfahari da aikinka. Me za ka ƙara masa da faɗa in ban da ɓacin rai?"

"Sau goma ya canza robar gilas."

"Ya riga ya canza. Faɗar za ta dawo masa da su?"

"Biyar na gaya musu. Wannan me ya yi da zan ɓoye masa?"

"Biyar ɗin ai ba su yabe ka a gabanka ba."

Mai Buta ya yi ɗan murmushi ya ce ai shi ya sa wannan ta fi nauyi. A gida matarsa ba ta ba shi shawara ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, shekara talatin ina jin labarin koriyar motar nan. In ka yi shiru, wata talatin ɗin zan ji, ni kuwa na gaji."

Washegari da suka dawo, ya ba dattijon kujera, ya kama hannunsa ya kai shi kusurwar bangon ya ɗora yatsansa a kan ɗigo ukun. Ya ce, "Baba, ni ne yaron. Kuma ba robar gilas ba ce. Nan da can akwai hanyar ruwa, ni na toshe su da hannuna, ban san aikinsu ba. Duk ruwan da ya zuba maka a ƙafa, daga wurina ne. Na neme ka ban same ka ba."

Dattijon ya janye hannunsa. Da ya buɗe baki muryarsa ba ta tashi ba, kuma da ta tashi da ya fi sauƙi. Ya ce akwai shekarar da wutar motar ta ɗauke masa a tsakiyar ruwa da akwatin zuma goma sha biyu a baya, ya yi yini biyu a gefen hanya, rabin ƙudajen zuman suka mutu. Ya ce marigayiya matarsa har ta koma ga Allah tana ce masa rowa ce ta hana shi sayen roba mai kyau. Sannan ya dubi 'yarsa ya ce, "Tashi mu tafi."

Suka tafi, amma ba su ce a mayar musu da motar ba. Da yamma 'yar ta kira Mai Buta ta ce, "Baba, ka ci gaba da aikin. Bai ce a yi ba, bai kuma ce a bari ba. Na san shi."

Saura kwana tara. Waɗanda suka ga aikin sun ce ba su taɓa ganin Mai Buta ya yi a hankali haka ba, kuma ba su taɓa ganin ya yi sauri haka ba. Ya cire gilas, ya cire bonet, ya yanke saman akwatin iskar. Cikinsa laka ce da ganyen shekara da shekaru, gindin kuwa yatsa na shiga. Ya yanko kwali ya fitar da siffa, ya ɗora a kan sabon farantin ƙarfe ya yanka, ya buga shi a kan kututture har ya ba shi gangara zuwa gefe biyu, yadda ruwa ba zai samu inda zai tsaya ba. A kowace kusurwa ya liƙa ɗan guntun bututun ƙarfe mai faɗin babban yatsa, domin a cewarsa hanyar da ganye ba zai wuce ba, ba hanya ba ce. Wuyan da iska ke bi ta shiga ɗaki ya ɗaga shi sama da yadda yake a da.

Walda ce ta ba shi wuya. Ta cikin gilashin kariya ba ya ganin bakin ƙarfen sosai, sai ya riƙa sa alli fari a layin, ya ɗiga, ya ɗaga gilas, ya taɓa da safar hannu, ya sake. Abin da a da yake yi a awa ɗaya ya ci masa yini. Ɗaya daga cikin tsofaffin ɗalibansa ya zo ya ce a bar masa waldar. Ya gode masa, ya ce ya taimaka da ƙasan motar in yana so, amma akwatin nan wanda ya ɓata shi ne zai gyara.

Mai Waya ya ɗauka zai sake huda bangon a inda ya toshe. Ya ce a'a. Tsoho ya yi shekara talatin yana nuna wa mutane bangon nan, ba zai karɓe masa wannan ma ba. Sai ya bi da tiyo ta gefe, ta cikin lungun da ke bayan tayar gaba, nesa da zafin salansa, nesa da wayoyi, ba lanƙwasa mai kaifi, ya ɗaure shi wuri uku, ya sa bakinsa ya leƙo ƙasa da firam. Idan ka buɗe bonet ba za ka ga komai ba. Bangon ma ya sake bin sa da samfefa ya gyara wurare biyu da ya ce tafinsa na yanzu bai yarda da su ba, ko da yake na wancan lokacin ya yarda. Mai Waya ya sake wayarin ɗin akwatin fis, yana yi yana mita cewa shi ba wanda zai rubuta labarinsa.

Ana gobe aikin ido, da misalin ƙarfe goma na safe, dattijon ya zo da 'yarsa. Ya amsa gaisuwa a taƙaice. Mai Buta ya ce za a gwada, in Baba yana so ya gani. Dattijon ya miƙa wa 'yarsa sanda, ya hau kujerar direba da ƙyar, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya ɗora ƙafafunsa a kan feda. Gwangwanin yana nan a rataye, ba wanda ya taɓa shi.

Mai Buta ya ɗauko shuɗiyar butar ya juye ta duka a gindin gilas. Ruwa ya fito ta bayan tayoyin biyu, shar, ya yi ƙasa. Ya sa aka ɗaga gefen dama da jak, domin mota ba kullum take kwana a wuri daidai ba, ya sake juye buta. Aka sauke, aka ɗaga gefen hagu, ya sake. Sannan ya tsaya da buta a hannu yana jira.

Daga cikin mota dattijon ya ce, "Ƙara."

Ya je famfo ya ciko ya ƙara.

"Ƙara. Ruwan da na sha ya fi haka."

Sai da aka juye buta bakwai, har Mai Waya ya ɗauko bokiti ya sheƙa. Dattijon ya sunkuya ya shafa ƙafarsa ta hagu, ya shafa ƙarƙashin dashbod, ya kwance wayar gwangwanin ya kifa shi a tafin hannunsa. Ko ɗigo babu. Ya zauna yana juya shi. 'Yarsa ta ce ta ga idonsa ya kawo ruwa, shi kuma har yau yana cewa ƙurar gareji ce.

Da ya sauko ya ce, "Na yi fushi da kai, kuma ban gama ba. Amma a rayuwata an sha ɓata mini abu, ba wanda ya taɓa kama hannuna ya kai ni wurin ya ce shi ne." Ya miƙa masa gwangwanin. "Ungo. Ni na gama da shi."

Mai Buta ya riga ya ware gutsuren ruɓaɓɓen ƙarfen da zai rataya. Ya dube shi, ya jefa shi cikin tarkace. Ya taka benci, 'yar dattijon tana riƙe masa gwiwar hannu don idonsa, ya laluba bangon da yatsa har ya samu ƙusa ta bakwai, ya rataye gwangwanin. Washegari aka yi masa aikin idon. Idon ya buɗe, yana karanta lambar mota daga tsallaken titi, amma bai sake riƙe walda ba.

Mai Buta, gyara mai kyau mutane da yawa sun iya. Kai ne ka yi kuskuren da ba wanda ya gani, ka kafa masa ƙusa a inda za ka riƙa ganinsa kowace safiya. Kai ne aka yabe ka a gabanka a kan aikin da ka san akwai ɓarna a bayansa, ka ƙi karɓar yabon haka nan. Mun gode. Malamar asibiti ta gode, direban makaranta ya gode, da duk waɗanda ka tsayar minti goma suna tsaki, yau ƙafarsu a bushe ba su ma san dalili ba. Allah ya ƙara wa idon nan haske, ya ba ka hutu mai daɗi, ya kuma ba matarka haƙurin zamanka a gida, don an ce ka riga ka hau rufin kicin kana duba indararo.

Ku kuma masu aikin hannu, da mu masu aikin biro, kowa ya san hudar da ya taɓa toshewa don aiki ya yi kyau a ido. Ba sai an kama mutum ba. A koma a nemi mai ita tun ana da ido da ƙarfin yi.

Garejin yanzu yana hannun ɗaya daga cikin waɗanda ya koyar. Ya sake kwaɗon ƙofa, ya sake benci, amma bangon can ciki bai taɓa shi ba, butar ma tana nan ana cika ta kowace safiya. Ranar da aka yi ruwan farko na bana, wayar Mai Buta ta yi ƙara yana zaune a gida. 'Yar dattijon ce. Ta ce babanta ya tilasta mata ta fito da motar suna ta zagaya unguwa cikin ruwan, shi yana gefe ba takalmi, kuma ya ce a gaya wa yaron nan cewa har yanzu ba ta zuba ba.